Haɗa kurawun da finiyon ba aikin guduma ba ne

Duk wanda ya saba hawa bas daga tashar Kawo zuwa Zariya ko Kano, kuma ya taɓa samun kujerar can baya, ya san kukan nan. Mota na kama babban titi sai wani siririn sauti ya taso daga ƙarƙashin ƙafafunka, yana ƙara tsini duk lokacin da direba ya taka totur, in ya ɗaga ƙafa kuma ya sauya murya ko ya ɗauke gaba ɗaya. Sauran fasinjoji sai su ci gaba da gyangyaɗinsu. Ni ba na iyawa, don sana'ata ke nan. Dif ne yake kuka, wato akwatin giyan da ke tsakanin tayoyin baya, mai raba musu ƙarfin inji, kuma a abin da nake gani a gareji, ba kasafai tsufa ke sa shi wannan kukan ba. Galibi wani ne ya buɗe shi, ko ya taɓa notin gabansa, bai mayar da shi yadda ya same shi ba.

Garejinmu yana Tudun Wada, ba nisa da tsohuwar Panteka, kuma aikin ƙarƙashin mota nake yi: giyabos, farfela (doguwar sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa baya) da bak-aksul (ƙarfen da ya haɗa tayoyin baya, inda dif yake). Yawancin ƙananan motocin da suka cika titunan Kaduna yanzu, su Corolla da Golf da 406, da tayoyin gaba suke ja, dif ɗinsu yana cikin giyabos, wannan magana ba ta shafe su ba. Amma motocin da ake neman abinci da su, Hiace mai lodin fasinja, Hilux, Canter mai ɗauko masara daga Saminaka, a-kori-kura mai ɗauko citta daga Kachia, duk daga baya suke turawa. Ƙarfin inji gaba ɗaya, da nauyin buhunan da aka lafta, a kan 'yan haƙoran ƙarfe biyu ko uku yake sauka a kowane lokaci. In waɗannan haƙoran ba su zauna daidai ba, jarin mutum ne yake niƙewa a ƙarƙashinsa yana tafe.

Farfela a miƙe take zuwa daga giyabos, tayoyi kuma a gicciye suke juyawa. Abin da ke karya wannan kwanar shi ne finiyon da kurawun. Finiyon shi ne ƙaramin giyan da farfela ke juyawa, mai haƙora 8 ko 9 ko 10, kurawun kuma shi ne babban faifan da finiyon ke turawa, mai haƙora wajen 40. In kurawun yana da 41 finiyon yana da 10, sai farfela ta juya sau 4.1 kafin taya ta juya sau ɗaya: gudu ya ragu, ƙarfi ya ninka. Ka lura da waɗannan lambobin, 41 da 10, ko 43 da 10, ko 39 da 8. Ba su raba juna. An zaɓe su ne haka domin kowane haƙorin finiyon ya bi ta kan kowane haƙorin kurawun kafin ya komo kan wanda ya fara da shi, cin ya rarrabu, kada ya taru a wuri ɗaya. Akwai kuma ƙananan giyoyi a cikin kejin da kurawun ke ɗaure a jikinsa, su ne ke barin tayar waje ta fi ta ciki gudu a kwana. Su ba su cika ba da wahalar saiti ba.

In ka leƙa da kyau za ka ga finiyon bai shigo ta daidai tsakiyar kurawun ba, ƙasa-ƙasa ya shigo. Da gangan ne. Kamfanin Gleason na Amurka ne ya fito da wannan salon yankan haƙora, motocin Packard suka fara aiki da shi a 1926. Da shi farfela ta sauka ƙasa, daɓen mota ya sauka, finiyon ya samu kauri da ƙwari, tafiya ta yi shiru. Sai dai haƙoran ba birgima kawai suke yi a kan juna ba, gogar juna suke yi a tsawonsu, cikin matsi mai tsanani. Saboda haka kuskuren da ido ba ya gani ya isa ya tara dukkan matsin a bakin haƙori, mai ya kasa tsayawa a tsakani, ƙarfe ya fara cin ƙarfe.

Mu a Kaduna muna da dalilin sanin wannan aiki. A 1975 aka fara haɗa Peugeot a Kakuri, kuma 504 daga baya take turawa, ko salun ce ko wagon ko a-kori-kura. Shekara da shekaru ita ce motar gwamnati, ita ce motar haya, ita ce motar ɗaukar amarya. Maigidana, Allah ya jiƙansa, a kan 404 da 504 ya yi ƙuruciyarsa. Shi ya taɓa nuna min dif ɗin tsohuwar 404, wanda ba kurawun gare shi ba, dunƙulen ƙarfe ne mai zare yake juya faifan tagulla. Dokarsa ɗaya ce a bencin dif: ba a ajiye guduma a kai. Yaro zai yi ta wanke haƙora da kananzir, yana ƙirga su, yana kallon inda suka yi sheƙi, kafin a yarda ya kama sifana. Har yau haka nake yi da yarana.

Kafin a kwance komai sai an saurari motar. Nakan zauna a baya, direba ya hau titin Bayan Gari, in ce ya taka, in ce ya saki. Kukan da ke zuwa in an taka totur kawai, ko a wani gudu na musamman, yawanci zaman haƙora ne ya kauce. Wanda ke zuwa in an ɗaga ƙafa, sau da yawa boris ɗin finiyon ne ya saki. Gurnanin da ke sauyawa in an karya sitiyari hagu ko dama, boris ɗin taya ne, dif ba shi da laifi. Ƙarar "ƙwas" lokacin sa giya ko ribas na iya zama kuros ɗin farfela, wanda gyaransa bai kai rabin rabin na dif ba. Motoci da dama an sauke musu dif a banza saboda ba a yi wannan ɗan zagayen ba.

In ta tabbata dif ne, a Hiace da Hilux abin da sauƙi, domin ana zare shaf biyu, a kwance farfela, a ciro kan dif ɗin ɗungurungum a ɗora a benci. A nan ne mai gaggawa ke fara ɓarna, tun bai kai ga haɗawa ba. Kafin in sassauta noti ko ɗaya, nakan kafa agogon awo a bakin haƙorin kurawun, in riƙe finiyon kada ya motsa, in girgiza kurawun gaba da baya in rubuta ratar da na samu tsakanin haƙoransa da na finiyon. In tsofaffin haƙoran ne za su koma, wannan ratar za a mayar musu, don a kanta suka saba. Sannan in buga alama a kan murafan nan biyu da ke riƙe boris na gefe, na hagu da na dama. A masana'anta tare da gidan dif ɗin aka huda su, kowanne da wurinsa da fuskarsa. Ka musanya su, boris ba zai ƙara zama daidai ba ko me ka yi.

Kurawun da finiyon kuma tare ake haihuwarsu. Bayan an yanka su an ƙona su sun yi tauri, ana haɗa su a inji da wani ruwan gogi, su yi ta juyawa har fuskokinsu su san juna, kamar dutsen niƙa da ɗansa da suka daɗe tare, wanda in ka kawo ɗan wani dutsen sai ya riƙa hawa tudu yana tsallake kwari. Shi ya sa ake sayar da su a kwali ɗaya, kuma da yawansu za ka ga an zana lamba iri ɗaya a jikin duka biyun. Mai mota yakan ce min finiyon ne kawai ya karye, kurawun lafiyarsa lau, a nemo finiyon shi kaɗai. Ba na yi. Ko yawan haƙoran ya zo daidai, ko sun shiga juna, kuka za su yi daga ranar farko, kuma ba shim ɗin da zai hana su, wato siririn zoben ƙarfen da ake saita zaman finiyon da shi.

Wanda aljihunsa bai kai sabo ba, dif ɗin Beljiyam cikakke ya fi masa alheri, kuma ana samun masu kyau a Panteka. Amma a je da wanda ya sani, a ƙirga haƙora. Dif biyu na iya zama kamanninsu ɗaya, ramukan notinsu ɗaya, ɗaya 41 da 10, ɗaya 39 da 8. Na farkon 4.10 ke nan, na biyun kusan 4.88. Ka ɗora na biyun a motar da ta zo da na farkon, za ta ƙara ƙarfin hawa tudu da kaya, amma inji zai riƙa juyawa fiye da da, da kusan kashi 19 cikin 100, ya ƙara shan mai a doguwar hanya, kuma in daga giyabos agogon gudu ke karatu, zai nuna maka 100 alhali kana wajen 84. Mai Canter da ke shiga ƙauye yana iya son haka. Mai bas ɗin Abuja ba zai gode maka ba. A Hilux mai ja da taya huɗu kuwa babu zaɓi, na gaba da na baya dole su zama lamba ɗaya, in ba haka ba ranar da aka sa giyan taya huɗu a ƙasa mai tauri, gaba da baya za su yi ta jayayya har wani abu ya karye. Ko ba a buɗe ba ana iya sani: a ɗaga taya ɗaya da jak, a juya ta sau biyu cif, a ƙirga sau nawa farfela ta juya. Abin da aka samu shi ne lambar, muddin dif ɗin ba mai kulle kansa ba ne.

Haɗawa da wanki take farawa. Lokacin hunturu ƙurar Kaduna ba ta barin komai, shi ya sa duk abin da aka wanke sai a rufe shi da tsumma mai tsabta. Bayan kurawun da fuskar kejin da zai zauna a kai, nakan bi su da yatsa. Ɗan tsini ko ɗan yashi a nan ya isa ya karkatar da faifan gaba ɗaya. Kurawun yana shiga kejinsa a matse, kuma littafin Toyota cewa ya yi a ɗumama shi zuwa wajen digiri 100. Tukunyar tafasasshen ruwa ta wadatar. A tsamo shi, a goge, a ɗora, sai ya zauna da kansa ba tare da duka ba. Wuta kai tsaye kuwa haramun ce a gare shi, don tana kashe taurin haƙora. In ya huce a ɗaure notocinsa a gicciye, wannan sannan na daura da shi, da sifana mai awon ƙarfi, a lanƙwasa makullansu. Sai a juya shi a ƙarƙashin agogo a ga ko yana rawa. A tsofaffin Hilux iyakar rawar da aka yarda da ita milimita 0.10 ce. In ta wuce, a cire a sake dubawa tun yanzu, domin duk awon da za a yi nan gaba a kan wannan zai tsaya.

Finiyon yana da abu biyu da ake nema a gare shi. Na farko zurfinsa, wato iya inda ya kutsa cikin kurawun. Siririn shim ne a bayan kansa yake yanke wannan, kuma na Toyota bambancin kowanne da mai bi masa milimita 0.03 ne. Da tsohon shim ɗin da na tarar nake farawa, domin gidan dif ɗin bai sauya ba. Na biyu matsin boris ɗinsa. Boris biyu ne masu tsini suke kallon juna, kuma dole su kasance a ɗan matse tun kafin kaya su hau, saboda in an taka totur haƙora suna tura finiyon gefe ɗaya, in an saki su ja shi ɗaya gefen. In akwai sako-sako, zaman da ka wahala ka saita ya tashi a banza. Wannan matsin ba a jinsa da hannu, aunawa ake yi: ƙarfin da ake bukata kafin finiyon ya fara juyawa. A littafin tsohuwar Hilux, sabon boris kilogiram-santimita 19 zuwa 26 ne, wanda ya yi aiki kuma 9 zuwa 13. Wanda ba shi da ƙaramar sifanar awo, kada ya ce ba hali. Ya naɗa igiya a jikin filanji, wato faifan gaban finiyon da farfela ke ɗaure a jikinsa, ya ja da sikeli mai ƙugiya irin na awon kaya. In daga tsakiya zuwa inda igiyar ta kwanta santimita 5 ne, sikelin ya nuna tsakanin kilo 4 da kilo 5 ga sabon boris. Waɗannan lambobin na wannan motar ne, kowace mota a duba nata littafin, yanzu ma a waya ake samunsu.

Maganar boris, araha ba ta ado. Kwali mai kyau ba shi ne boris mai kyau ba, kuma jabu sun yi yawa a kasuwa. Na gwammace in tura mai mota wurin wanda na daɗe ina saye a hannunsa ya biya da tsada, da in yini ina saiti a kan boris ɗin da zai lotse cikin wata biyu ya tafi da saitin.

Daga nan a saka kejin da kurawun, a zo kan rata. A irin na Toyota akwai manyan zobba biyu masu zare a hagu da dama. Ka sassauta ɗaya ka ɗaure ɗaya da yawan ramuka iri ɗaya, kurawun ya matso kusa da finiyon ko ya ja baya. Abin da ake nema milimita 0.13 zuwa 0.18, wato tsakanin kaurin takarda ɗaya da biyu. Ta yi kaɗan, in ƙarfe ya ɗau zafi ya kumbura mai ba zai samu wurin shiga ba. Ta yi yawa, haƙora su riƙa dukan juna. Nakan auna a wurare uku ko huɗu a kewayen kurawun, ba wuri ɗaya ba. Su ma boris na gefe suna son matsinsu: daga inda sako-sako ya ƙare a ƙara rami ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Zobban nan suna da sifanarsu, kuma ko ba a saya ba maƙeran Panteka za su haɗa maka ita da guntun ƙarfe da ƙusoshi biyu. Cizal da guduma da ake buga su da shi yana ɓata zaren, kuma ba ya barin hannu ya ji lokacin da boris ya zauna.

Duk wannan shiri ne. Alƙalin aikin shi ne fenti. Akwai shuɗin da ake sayarwa don wannan, akwai rawaya, akwai jan da tsofaffin littattafai suka ambata. In babu, garin fenti mai laushi a kwaɓa da ɗigon man giya, ya yi kauri kada ya zuba. Ana shafa shi siriri a haƙora uku ko huɗu, gaba da bayansu, a wurare uku a jikin kurawun. Sai yaro ya danne kurawun da guntun katako ya ba shi nauyi, ni kuma in juya finiyon gaba, in dawo da shi baya. In ba a danne ba, tabon da zai fito ƙarya ne. Inda finiyon ya share fentin, nan haƙora suke haɗuwa.

Haƙorin kurawun yana da sama da gindi, yana da siririn ƙarshe mai duban ciki da kakkauran ƙarshe mai duban waje. Fuskokinsa biyu ne, mai ɗan tudu wadda ke ɗaukar ƙarfi in mota na ja gaba, da mai ɗan kwari wadda ke ɗauka in an ɗaga ƙafa ko ana ribas. Tabo mai kyau dogo ne mai zagayayyen baki, yana tsakiya tsakanin sama da gindi, ya ɗan karkata wajen siririn ƙarshe. Dalilin karkatar shi ne in kaya suka hau, ƙarfe yana ɗan buɗewa, tabon ya bazu zuwa waje, ya cika haƙorin ba tare da ya faɗa baki ba. In tabon ya hau can sama, finiyon bai shiga sosai ba, a ƙara kaurin shim. In ya nutse gindi har ya yi layi mai kaifi, ya shige da yawa, a rage. Rata kuma ita ke tafiyar da shi a tsawon haƙori: ka rage ta, a fuskar ja gaba ya matso ciki, ka ƙara ta ya tafi waje, amma ba a fita daga iyakar littafi don neman tabo. Zurfi ake fara gyarawa. Kuma duk lokacin da aka sauya shim, rata ta sauya, sai an sake saita ta, a sake shafa fenti, a sake dubawa. A tsofaffin haƙora fuskar gaba ta riga ta goge, tabonta yakan yi faɗi ya ruɗe ka, don haka fuskar baya na fi yarda da ita.

Wannan kwance-haɗa shi ne abin da ke gajiyar da mutane su ce ya isa haka. Shim ɗin yana ƙarƙashin boris, boris ɗin kuma a matse yake, cire shi sau da yawa na iya lalata shi. Dabarar da na gada ita ce a ajiye tsohon boris mai lafiya irin wannan lambar, a goge cikinsa da sanfefa har ya riƙa shiga da fita da hannu. Da shi ake gwaji. In tabo ya yi, sai a matsa sabon a inji, a sake shafa fenti sau ɗaya don tabbatarwa.

Ana gab da Sallah wani direba ya tsaya a kaina ina wannan aikin. Ya ce, "Oga, don Allah a haɗa min haka nan, gobe da asuba ina da lodin Abuja." Na ce, "Malam, ba a fafe gora ranar tafiya. Zo ka gani da idonka." Na nuna masa tabon ya hau sama ya kusa faɗawa bakin haƙori, na ce a haka za ta kai shi Abuja ta dawo, amma kafin ƙarshen wata shi da kansa zai ji ta, kuma haƙorin da ya ci a karkace ba ya komawa. Ya kira mai motar ya miƙo min waya. Na ce, "Alhaji, ranka ya daɗe, kuɗin kayan nan da ka saya ya fi lodin gobe nesa ba kusa ba." Ya ce a bi a hankali. Ina jin daɗin irin wannan mai mota, domin da yawa sukan biya kuɗin kurawun ba ciniki, su zo kan ladan wanda zai yini yana saita shi su yi ta ja. Wannan jan ne ke koya wa yara bakanike su ɗaure su miƙa makulli.

Akwai wani ƙaramin aiki da na ga ya kashe dif masu lafiya fiye da komai, shi ne sauya sil ɗin gaban finiyon in ya fara yoyo. Tsakanin boris biyun nan na finiyon akwai wani bututun sifesa da aka yi shi don ya lotse. Kana ɗaure noti yana lotsewa a hankali, har matsi ya kai inda ake so ka tsaya. In ya lotse ba ya dawowa. Sai a kwance notin don sa sil, a zo mayarwa a zura dogon bututu a sifana, yaro ya hau da ƙafa. Sifesa ya ƙara lotsewa, boris ya shaƙe, ya yi zafi ya ƙone. Ko kuma a ji ya yi tauri a sassauta notin baya, a bar finiyon yana lilo. Kafin a taɓa notin nan a yi masa alama, shi da kan shaf da filanji, a ƙirga zaren da ya fito, a mayar da shi kan alamarsa da ɗan ƙari kaɗan, a lotsa bakinsa ya kulle. In dif ɗin a benci yake, gwajin fenti ba tare da sifesa da sil ake yinsa ba, sai a ƙarshe a sa sabon sifesa, a riƙa ɗaurewa kaɗan-kaɗan ana aunawa. Ka wuce, sai wani sabon. Kuma duk wanda sil ɗinsa ke yawan yoyo ya duba ɗan hancin shan iskan da ke saman bak-aksul. Laka na toshe shi, iska ta yi zafi a ciki ta rasa mafita, ta turo mai ta sil.

Man dif ba man inji ba ne. Wanda aka rubuta wa GL-5 ake so, 80W-90, ko 85W-140 ga mai ɗaukar nauyi in littafinsa ya yarda. Warin nan nasa mai hawa kai na sinadarin farar wuta ne, shi ke kwanciya a fuskar haƙori ya hana ƙarfe kama ƙarfe a lokacin gogayya. Tsohon baƙin man da aka juye daga inji ba shi da wannan. Cusa giris don a rufe bakin kuka kuwa yaudara ce, musamman in sayar da motar za a yi. A fara kwance notin zubawa kafin na juyewa, kada a zubar da mai sannan a tarar na sama ya ƙi kwantuwa, a cika har ya taɓo bakin ramin mota tana tsaye a daidai. Da damina, duk motar da ta ratsa ruwa ya kai mata bak-aksul a duba manta. Dif mai zafi in ya shiga ruwan sanyi yana zuƙo ruwan ciki, mai ya yi fari-fari, boris su fara tsatsa.

Sababbin haƙora ba a ɗora musu cikakken lodi ranar farko. Nakan ce a yi kilomita 20 zuwa 30 a hankali, a tsaya ya huce sarai, a taɓa wuyan finiyon a ji ko ya fi sauran jikin zafi nesa, don in haka ne matsi ya yi yawa. Kilomita 800 na farko a rage kaya, kada a riƙe gudu ɗaya na dogon lokaci, wato kusan zuwa Kano da dawowa sau biyu ke nan ba tare da an cika bas har rufi ba. Bayan nan a juye man a zuba sabo. Notin juyewa yana da maganaɗisu a kansa: laushin gari mai toka-toka ba komai, na sabawar haƙora ne, amma in an ga ɓarɓashi mai ƙyalli da yatsa ke ji, a dawo da motar gareji kafin a sake yin lodi.